Duwatsun Adar: wanne ya faɗo daga sama, wanne teku ya bari?

Ranar 16 ga Yulin 2025, gidan gwanjon Sotheby's da ke birnin Niyok na Amurka ya sayar da dutse guda, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, a kan dala miliyan 5.3, wato kusan sefa biliyan 3. A jihar Agadas aka tsince shi cikin watan Nuwamban 2023, kuma bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya ɓallo. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan hanyar da ya bi ya fita, sannan a watan Agusta ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar. Labarin ya karaɗe rediyo da wayoyi. A ƙasa irin Adar, inda dutse ya fi komai yawa, ba abin mamaki ba ne manomin Kalfu ko makiyayin Barmu ya dubi baƙin dutse mai nauyi da ya daɗe yana tuntuɓe da shi a gona, ya tambayi kansa ko arziki ne yake takawa bai sani ba.

Tambayar tana da tushe. Duwatsu na faɗowa daga sama, kuma sun taɓa faɗowa a jiharmu ta Tawa. Ranar 21 ga Agustan 1991 wani mai nauyin kilo 110 ya faɗo kusa da tsaunin Tazarzait, can arewacin jihar Tawa cikin Azawak, a kan idon wani yaro Ba'abzine ɗan shekara 7. Yau sunansa na cikin kundin duwatsun sama na duniya, gutsattsarinsa kuwa sun warwatsu a ƙasashen waje. Kafin shi, ranar 3 ga Oktoban 1962, wani mai kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, taku kaɗan daga inda mai gonar yake tsaye, kuma shi ma daga Mars ya fito.

Duk da haka, a ganina wanda ya tsinci baƙon dutse a Adar ya fara neman asalinsa a ƙasa kafin ya ɗaga kai sama. Ƙasarmu da kanta tana fitar da duwatsu masu siffar ban al'ajabi fiye da yawancin ƙasar Hausa, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Shi ya sa masanin duwatsu, in ka kai masa abin da ka tsinta, kafin ya tambayi launi ko nauyi sai ya ce: a ina ka same shi? A kan tsauni, ko a kwiɓinsa, ko a cikin ƙorama?

Wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Kaita ta Tamaske ya ga yadda tsaunukan suke. Kansu a shafe yake, kusan duk tsayi ɗaya, domin a da fili guda ne, ruwa ne ya yi ta yankan sa har kwaruruka suka raba shi. A jikin kowane tsauni akwai shimfiɗu hawa-hawa. Can sama baƙin dutse ne mai ja-ja, mai tauri. Ƙarƙashinsa akwai farin dutse mai ɗan rawaya, tare da wani yumɓu mai launin toka da ke ɓarewa falle-falle. Can ƙasa kuma yashi ne da laka da suka daskare. Ƙa'idar karanta su mai sauƙi ce: abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitabus Shifa, inda ya nuna cewa duwatsu masu hawa-hawa laka ce da teku ya kwantar a lokuta daban-daban, ƙarnoni kafin Turawa su tsara ilimin. Shimfiɗun Adar sun ɗan karkata zuwa kudu maso yamma, saboda haka matafiyin da ya bar Tawa ya nufi Kawo da Abalak yana ta taka ƙasar da ta fi wadda ya baro tsufa.

Masana suna kiran wannan babban kwari da sunan Abzinawan Iwillimmidan. Ya haɗa yammacin Nijar, gabashin Mali, arewacin Benin da ƙasar Sakkwato. Jacques Greigert, Bafaranshen da ya daɗe yana auna shi, ya wallafa cikakken bayanin shimfiɗunsa a 1966, kuma har yau ana komawa ga aikin. Abin da shimfiɗun suka nuna shi ne, tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai, mai ɗumi, ya yi ta shigowa yana janyewa ta tsakiyar inda Sahara take a yau. Daga arewa yake kwararowa, a wasu lokuta har yakan haɗe da ruwan gabar Gini. Tawa da ke kusan kilomita 1,000 daga bakin teku a yanzu, a ƙarƙashin ruwan gishiri take a wancan zamani. Waɗannan shekaru ba ƙiyasin baki ba ne. Akwai sinadarai irin su uraniyom da ke rikiɗewa da sauri sananne wanda ba ya canzawa, da su ake auna shekarun wasu duwatsu, sannan a gwada halittun da ke cikin shimfiɗar wata ƙasa da na wata.

Shaidar tekun ita ce abin da yara masu kiwo suka fi tsinta a kwiɓin tsauni. Akwai ɗan mulmulallen dutse fari, mai lebur ɗin gindi, wanda aka zana wa tauraro mai reshe biyar a bayansa, zane mai tsabta har mutum ya rantse hannu ne ya yi shi. Ba hannu ba ne. Ƙoƙon wata dabbar teku ce mai ƙayoyi a jiki, ana iya ce mata bushiyar teku, kuma rassan nan biyar hanyoyin da ƙananan ƙafafunta ke fitowa ne. Danginta suna nan da rai a tekunan duniya. Akwai katantanwar dutse, akwai ƙoƙon kawa, akwai kuma wani naɗaɗɗen ƙoƙo babba mai ɗakuna a ciki, na wata dabba ƴar uwar dorinar ruwa. Yawancin katantanwar da ake samu ba ƙoƙon ne da kansa ba: dabbar ta mutu, laka ta cika cikin ƙoƙon ta daskare, daga baya ruwa ya narkar da ƙoƙon ya bar siffar cikinsa.

Irin waɗannan ne suka fara sanar da duniyar ilimi labarin Adar. A 1903 masani Albert de Lapparent ya gabatar wa majalisar kimiyya ta Faransa wasu da wani hafsan soja, Kyaftin Gaden, ya tsinta a Tamaske. A 1904 kuma F. A. Bather na gidan tarihin Landan ya yi bayanin bushiyoyin teku da aka kwaso daga wajen Garadume, ƙasar Buza, lokacin shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila. Abin da ke da ɗaci shi ne, fiye da shekara 120 ke nan ana karanta sunan Tamaske a littattafan Turai saboda waɗannan duwatsu, amma da wuya ka sami ɗan makaranta a Tamaske da aka taɓa ɗora wa ɗaya a tafin hannu aka gaya masa mene ne.

Dattawa da yawa in sun ga katantanwa a kan tsauni sukan tuna ruwan Ɗufana. Ban raina wannan tunani ba, don idonsu ya ga gaskiya: ruwa ya taɓa rufe wurin. Abin da dutsen ya ƙara faɗa shi ne ruwan ya daɗe ƙwarai da gaske. Kawa ta girma ta mutu, wata ta manne a kan ƙoƙonta ta girma ita ma, haka hawa bisa hawa har ya yi kaurin mitoci. Kuma cikin shimfiɗun nan ba a samun ƙashin ɗan Adam, ko na dabbar gida, ko guntun kasko. Zamani ne da ya riga mutum nesa ba kusa ba.

Gwajin farin dutsen nan yana hannun kowa. A kankare shi da wuƙa, a ɗiga lemun tsami a kan garin. In ya yi ƙananan kumfa, dutsen farar ƙasa ne, wanda ya taru daga ƙoƙunan halittun teku da suka ruɓe suka dunƙule. Shi ne masana'antar siminti ta Malbaza take ƙonawa tun tsakiyar shekarun 1960, shi ne kuma ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, domin shimfiɗa ɗaya ce ta ratsa ƙarƙashin iyaka. Duk ginin da aka yi da simintin Malbaza, da ƙasan wancan teku aka yi shi.

In aka matsa arewa maso gabas, inda shimfiɗun suka haura shekara miliyan 66, abin da ake samu ya fi girma. A tsaunin Igdaman da ke ƙasar Kawo an tono ƙasusuwa da haƙoran manyan ƙadangarun teku masu filafilai a madadin ƙafa. Ɗaya daga cikinsu, mai dunƙulallun haƙora na fasa ƙoƙo, an raɗa masa suna Igdamanosaurus a 1991, da sunan tsaunin. Wani mai yawan haƙora, Pluridens, an bayyana shi a 1998. Ɗan uwansu na ƙasar Sakkwato sunan Goronyo ya ɗauka. A Ibesetan kuma an sami ƙasusuwan kadoji, da kunkuru, da kifaye, da wani ƙaton maciji. Haƙorin kifin shak da ya zama dutse yana da sauƙin ganewa: mai kusurwa uku ne ko siriri mai tsini, yana da ƙyalli a jiki, gindinsa kuma kaushi gare shi. Ƙashin da ya zama dutse ya fi ƙashin yau nauyi, kuma inda ya karye ana ganin ƙananan ƙofofin ɓargo.

Cikin yumɓun nan mai launin toka da ke ɓarewa falle-falle ake samun wasu abubuwa biyu da ke ruɗar mutane. Na farko fari ne garau, haske na ratsa shi, yana fitowa falle-falle ko zare-zare. Wanda bai san shi ba sai ya zaci lu'ulu'u ne. A gwada shi da farce: in farce ya karce shi, jifsum ne. Masana suna jera taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, tsarin da Friedrich Mohs ya kawo a 1812. Jifsum yana kan 2, farce ya ɗan fi shi, gilashi yana wajen 5 da rabi, ƙanƙarar dutse tana kan 7, lu'ulu'u shi ne 10. Jifsum yana fitowa ne inda ruwan gishiri ya ƙafe, ko inda ruwa mai ɗauke da ƙibiritu ya gamu da farar ƙasa cikin yumɓu. Ba shi da tsada, amma ba a yin siminti sai da shi, don shi ke hana siminti daskarewa tun magini bai gama kwaɓawa ba. Mutanen Adar sun daɗe suna haƙar sa da hannu suna sayarwa.

Na biyu shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Dunƙulallun duwatsu ne masu launin ƙasa-ƙasa ko toka, wasu zagayayyu, wasu dogaye, wasu a murɗe. Sun fi farin dutse nauyi kaɗan, kuma lemun tsami ba ya sa su kumfa sosai. Wannan fosfat ne. A wurin da laka ke kwanciya a hankali ƙarƙashin teku, sinadarin fosforos da ke fita daga matattun halittu yakan taru a jikin guntun ƙashi ko haƙori ko ƙoƙo, ya yi ta kauri. Murɗaɗɗun kuwa kashin kifaye da sauran dabbobin ruwa ne da ya zama dutse bai sake siffa ba, wani lokaci har da ƙayar kifin da aka ci a ciki. A Anekar, kimanin kilomita 60 arewa da Tawa, an haƙi waɗannan duwatsu daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980, ana niƙa su ana yin taki. Ƙasar noman Nijar fosforos take nema ido rufe, kuma gwaje-gwajen da masu binciken noma na INRAN da cibiyar ICRISAT ta Sadore suka yi sun nuna garin fosfat na Tawa yana ƙara amfanin gero, ya kuma fi na yankin gandun dajin W saurin narkewa a ƙasa. Ɗaya daga cikin abin da ya hana manoma rungumar sa shi ne laushin garin, iska na kwashe shi wajen watsawa. Wannan matsala ce da ake magancewa ta hanyar dunƙula garin. Ni dai ina ganin in ana maganar dutsen da zai canza rayuwar talakan Adar, wannan ya fi dutsen Mars kusa da hannu, ga shi kuma muna sayen takin da aka yo dakonsa daga ƙetaren teku.

Yanzu sai baƙin dutsen kan tsauni, wanda shi ne kusan kullum ake ɗauka a matsayin dutsen sama. A ƙarshen zaman tekun da bayan janyewarsa, yankin nan ƙasa ce mai zafi da ruwan sama mai yawa, ga dazuzzuka ga fadamu. Gawayin ƙasa na Salkadamna, arewa maso yamma da Tawa, ragowar itatuwan irin waɗancan fadamu ne. Ruwa mai yawa a ƙasa mai zafi yana ruɓar da duwatsu, ya wanke abin da ke narkewa, ya kwashi ƙarfe zuwa tafkuna da bakin gaɓa. A cikin ruwa marar zurfi mai kaɗawa, ƴar ƙwayar yashi takan yi ta birgima, tsatsar ƙarfe na manne mata fata bisa fata, kamar yadda ake mulmula fura cikin gari. Sakamakon shi ne dutse mai cike da ƙananan ƙwallaye, yawancinsu ba su kai milimita 2 ba. In aka fasa ƙwallo ɗaya aka duba da madubin ƙara girma, za a ga zobba a cikin juna. Wannan ita ce tamar Adar.

Marmara kuma a inda take ta samu. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau ya narkar da ƙarfe, da rani ya sauka iska ta shiga ƙarfen ya yi tsatsa ya tsaya. Shekaru dubbai bisa dubbai ana haka har ya zama ɓawo mai tauri, mai ramuka da ƙofofi. Wannan ɓawo shi ya kare kan tsaunukan daga zaizaya, shi ya sa suke a shafe. Guntayensa da suka daɗe a rana sukan yi wata baƙar fata mai sheƙi, ta ƙarfe da manganis da ƙurar yumɓu, wadda ke kama da ƙuna. Ita ce babbar mai yaudara. Akwai ma waɗanda ke da rami a ciki, in an girgiza su a ji abu na ƙara. Ba ƙwai ba ne, ba kuma aljani: ƙarfe ne ya taru ya kewaye curin laka, lakar ta bushe ta ƙanƙance ta saki jikin ɓawon.

Gwajin da ke raba gardama a nan shi ne goga dutsen a bayan tayil ko a gindin kofin tangaran, inda ba a shafa ƙyalli ba. In ya bar layi ja mai duhu, ko rawaya mai ƙasa-ƙasa, to tama ce, komai baƙinta a ido. Dutsen sama ba ya barin komai sai ɗan layin toka marar ƙarfi. Wannan gwaji yana aiki ga zinariyar ƙarya ma, wato ma'adinin ƙarfe da ƙibiritu mai ƙyallin tagulla da ake gamuwa da shi wajen ginar rijiya: layinsa baƙi ne, in an buga shi farfashewa yake, zinariya kuwa layinta rawaya ne, in an buga ta baje take.

Kakanninmu sun san tama sani na aiki. Maƙeran Adar sun yi ƙarnoni suna zaɓen ta, suna gina murhu da yumɓu, suna narka ta da gawayi a zafin da ya kai wajen digiri 1,200. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta zauna da manoma da maƙeran Adar a shekarun 1960, ta rubuta aikin ta kuma ɗauke shi a fim, a daidai lokacin da tsofaffin ƙarafan mota suka riga suka kashe sana'ar narkar da tama. Abin da murhunan suka bari yana nan tsibi-tsibi a bayan garuruwa da kufai: kashin maƙera. Baƙi ne, mai nauyi, da alamar ya taɓa narkewa ya kwarara, wani ma mayen ƙarfe na kama shi. Duk wata alama da mutum ke tsammani ga abin da ya ratso wuta daga sama, yana da ita. Amma yana da ramukan kumfa a ciki da waje, kuma wannan kaɗai ya isa a kore shi, domin dutsen sama kusan bai taɓa zuwa da ramukan kumfa ba. Sau da yawa za a ga guntun gasasshen yumɓu manne da shi, ko shatar gawayi. Wanda ya sami tsibin kashin maƙera ya sami wurin tarihi, kuma gawayin da ke ciki ana iya auna shekarunsa a san yaushe aka yi aiki a wurin.

To, yaya dutsen sama na gaskiya yake? Yana shigowa iskar duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa guda ba. Zafin gogayya yana narkar da bayansa kawai na ƴan daƙiƙu, sai ya bar baƙar fata siririya, wajen milimita 1, cikinsa kuwa yana nan da launin toka mai haske. Ga bambanci babba da tama, wadda launinta ɗaya ne ko ja ne har ciki. Gefunansa a goge suke, jikinsa kan yi lotsattsun wurare marasa zurfi. Ba shi da hawa-hawa, ba shi da farar ƙanƙara, ba shi da katantanwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake ganin faɗowarsu iri ɗaya ne da na Tazarzait: mayen ƙarfe na kama su, in an goge kusurwa da zarto za a ga ɗigo-ɗigon ƙarfe mai ƙyallin azurfa, haɗe da nikel. Su ma suna da ƙananan ƙwallaye a ciki, abin da kan sa a rikita su da tamar Adar, sai dai nasu ba su da zobba, ɗigon dutse ne da ya narke ya daskare a sarari shekara miliyan 4,560 da suka wuce, tun duniya ba ta gama haɗuwa ba. Nauyinsu ya ninka na ruwa sau 3 da rabi, alhali dutse na yau da kullum bai cika wuce sau 2.7 ba. Nauyi shi kaɗai ba hujja ba ne a Adar, tunda tama mai kyau ta kai haka har ta wuce.

Akwai wani abu da ya kamata mai nema ya sani. Ba don sama ta fi zubar da duwatsu a hamadar Tenere ake yawan tsintar su can ba. Ko'ina suna faɗowa daidai. A hamada bushewa ke adana su dubban shekaru, kuma baƙin dutse a kan farin fili ana hango shi daga nesa. A kan tsaunukan Adar kuwa, baƙi ne a cikin baƙaƙe miliyoyi, ga damina da ke sa ƙarfen cikinsa tsatsa. Wanda ya bar gonarsa ya shiga neman dutsen sama a kan marmara, asarar damina kawai zai yi. Na Mars kuma sun fi kowanne wuya: kimanin 400 aka sani a duk duniya, mayen ƙarfe bai cika kama su ba, kuma ba a tabbatar da su sai a ɗakin bincike. Na Zagami, a 1995 ne masana suka nuna cewa iskar da ke kulle cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a Mars a 1976. Saboda haka gwajin gida aikinsa korewa ne. Yana iya gaya maka dutsenka tama ce, amma ba ya iya gaya maka daga sama yake. Duk wanda ya duba hoto a waya ya yanke maka farashi, ko ya ce ka biya kuɗin gwaji kafin a zo da mai saye, a yi hattara da shi.

Wani dutsen da ake cewa daga sama yake shi ne gatarin aradu, amma ba sai an daɗe a kansa ba. Gogaggen dutse ne mai baki a gefe guda, wanda aka ce tsawa ke jefowa. Hannun mutum ne ya wasa shi, a zamanin da Sahara take kore da tafkuna, tsakanin shekara 10,000 zuwa 5,000 da suka wuce, kafin a san ƙarfe. Ana yawan ganin sa bayan ruwan sama don ruwa ne ke tone shi. Abin da aradu ke bari da gaske daban ne: in ta faɗa kan tudun yashi takan narkar da shi ta bar siririn bututu mai kaushi a waje, mai santsin gilashi a ciki. An sami irinsu da yawa a rairayin Bilma.

Babbar ɓarnar da ake yi ba ta wuce biyu ba: fasa dutsen, da raba shi da wurinsa. Ana buga shi da guduma don a ga ciki, ko a jefa shi a wuta, ko a zuba masa ruwan batir. Haƙori ko ƙashin da aka ciro aka zuba a buhu ba tare da an san daga wace shimfiɗa ya fito ba ya rasa mafi yawan abin da zai faɗa, domin shimfiɗar ce ke ba da shekarunsa. Ko dutsen sama ne, ba ya shiga kundin duniya sai an ajiye samfurin giram 20, ko kashi 20 cikin 100 in ƙarami ne, a wata cibiyar bincike da aka amince da ita. Sannan dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ta sa irin waɗannan abubuwa masu wuyar samu cikin kayan gadon ƙasa, waɗanda ba a fitar da su yadda aka ga dama.

Sai dai ba adalci ba ne a ce wa talaka kada ya sayar, alhali ba a nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Masana duwatsu suna Yamai, a Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar ma'adinai ta EMIG, manyan ƙasusuwan ƙasar kuma suna gidan tarihi na Boubou Hama, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Kalfu. Kirana ga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ofishin ma'adinai na jiha shi ne su ware ɗaki guda a cikin gari, a jera bushiyar teku ta Tamaske, fosfat na Anekar, haƙoran Kawo, tama, jifsum da kashin maƙera, kowanne da bayaninsa da Hausa da Tamajak, a kuma sa ranar da duk mai baƙon dutse zai kawo a duba masa kyauta. Kai kuma mai karatu, kafin ka ɗaga dutsen da ya ba ka mamaki, ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ka ajiye wani abu kusa da shi don a gane girmansa, ka rubuta sunan tsaunin ko ƙoramar, da ko a sama ne, a kwiɓi ko a gindi, sannan ka naɗe shi a busasshen ƙyalle ka kai wa wanda ya sani.